Tarihin Awon Jijiya a Cutar Shanyewar Tsoka

Awon gudun saƙo a cikin jijiya ya faro ne daga ƙafar kwaɗo. A shekarar 1850 masanin Jamus Hermann von Helmholtz ya jona wa jijiyar kwaɗo lantarki a wurare biyu, ɗaya kusa da tsoka, ɗaya nesa da ita, sannan ya auna bambancin lokacin da tsokar ta ɗauka kafin ta harba. Lissafi ya ba shi kusan mita 30 a daƙiƙa, alhali malaminsa Johannes Müller yana ganin abin ya fi ƙarfin awo.

Ita kuwa cutar da ke kashe ƙwayoyin jijiyar motsi, wadda likitoci ke kira ALS, Jean-Martin Charcot ne ya fayyace ta a asibitin Salpêtrière na birnin Paris a 1869. Da ido ya yi aikinsa: ya lura da yadda tsokar hannun majinyaci ke tsotsewa tana rawa a ƙarƙashin fata, bayan rasuwar majinyacin kuma ya duba lakar bayansa.

Sai a 1948 Hodes da Larrabee da German suka gwada dabarar Helmholtz a kan marasa lafiya a Amurka. Daga nan Edward Lambert na asibitin Mayo ya auna masu cutar ALS da dama, kuma abin da ya samu ya zama ma'aunin likitoci a 1969. Jijiyoyin da ke kai saƙon taɓawa lafiyarsu lau. Na motsi ma gudunsu bai cika faɗuwa ƙasa da kashi 70 cikin 100 na yadda aka saba ba. Ƙarfin amsar da tsoka ke bayarwa ne ke raguwa. Dalili shi ne cutar ƙwayar jijiya take kashewa, ba ta cin rigar da ke lulluɓe da zarenta, don haka zaren da ya rage yana kai saƙo a kan kari. Shi ya sa ake haɗa awon da allurar da ake sokawa cikin tsoka, wadda Adrian da Bronk suka ƙera a 1929, domin ita ke nuna tsokar da jijiyarta ta mutu.

Babban amfanin awon ya ƙara fitowa a wajajen 1988, lokacin da aka tantance wata cuta mai kama da ALS, wadda a cikinta saƙo ke tokarewa a wani gurbi na jijiya. Ita wannan cuta da aka tantance tana jin magani, kuma a da an sha yi wa masu ita kallon waɗanda ba su da sauran mafita. Ƙa'idojin El Escorial na 1994 da na Awaji na 2008 duk sun buƙaci a kawar da zaton irin waɗannan cututtuka kafin likita ya yanke hukunci.