Babbar mota mai shiga daji: sayen mai gazuwal ko canza inji

A ƙasarmu akwai ƙauyuka da yawa da ke nesa da gudurɔ. Da damina hanya takan cika da taɓo, da rani kuma rairayi ya rufe ta. Shi ya sa ƙungiyoyin manoma, ƴan kasuwa da gidajen likita suke neman babbar mota mai jan ƙafa huɗu, wadda ake kira kat-kat. Irin wannan mota tana shan mai sosai. Idan ƙungiyarku tana shawarar sayo mai gazuwal daga waje, ko cire injin esans a sa na gazuwal, ku karanta wannan bayani kafin ku fitar da kuɗi.

Mene ne bambancin injunan biyu?

Injin esans yana amfani da buji, wadda ke ba da tartsatsin wuta don mai ya kama. Injin gazuwal ba ya buƙatar tartsatsi. Yana matse iska da ƙarfi har ta yi zafi, sannan a fesa mai a ciki, ya kama da kansa. Wani Bajamushe mai suna Rudolf Diesel ne ya ƙirƙiro shi, kuma injinsa ya yi aiki yadda ake so a shekarar 1897.

Saboda wannan matsi, ana ƙera injin gazuwal da ƙarfe mai kauri. Ya fi nauyi, ya fi ƙarfin jan kaya a tafiyar sannu, kuma ya fi tsimin mai. Ba a mayar da injin esans ya koma na gazuwal. Abin da ake yi shi ne a cire shi gaba ɗaya a ɗora wani.

Ku fara da lissafi

Ga misali. A ce motarku tana shan lita 20 na esans a kilomita 100, mai gazuwal kuma tana shan lita 14. Bambancin lita 6 ne. Idan kuna yin kilomita 20.000 a shekara, kun tsimi lita 1.200. Idan kilomita 5.000 kawai kuke yi, lita 300 ne. Ku auna wannan riba da kuɗin aikin duka. Motar da ba ta yawan tafiya ba za ta mayar muku da kuɗinku da wuri ba.

Idan za ku canza inji

Sayen inji somin taɓi ne. Ga sauran abubuwan da aikin yake taɓawa:

1. Akwatin giya. Injin gazuwal ba ya juyawa da sauri kamar na esans, don haka sau da yawa sai an sayo shi tare da akwatinsa.
2. Tankin mai da bututunsa. A wanke su tas, a sa matatar mai wadda ke raba ruwa da gazuwal.
3. Batir da radiyato. Tayar da injin gazuwal yana son batir mai ƙarfi, zafin ƙasarmu kuma yana son radiyato mai kyau.
4. Birki. Injin esans yana zuƙar iskar da ke taimaka wa birki. Injin gazuwal ba ya yin haka sai da wani ƙaramin famfo. Idan aka manta da shi, birki zai yi tauri, mota mai kaya ta ƙi tsayawa da wuri. A nan rayukan mutane ne a hannunku.
5. Takardu. Katin mota, wato kart giriz, yana nuna irin man da mota take sha. Ku je ma'aikatar sufuri a gyara shi, ku sanar da kamfanin inshora.

Idan za ku sayo daga waje

Nijar ba ta da teku. Shekaru da yawa motoci suna shigowa ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Bayan rufe iyaka da Benin a 2023, kaya da yawa suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanyar da ta fi tsawo da tsada. Ku tambayi kuɗin duwan da na ɗauko mota tun kafin ciniki. Ku duba lambar da ke jikin ƙarfen mota ta yi daidai da ta takarda. A Nijar ana tuƙi ta hannun dama, saboda haka ku nemi mai sitiyari a hagu.

Ku lura da irin injin. Sababbin motocin Turai suna aiki da kwamfuta, kuma hanyar fesa mansu ba ta jure datti ko ruwa. Gyaransu sai babban gari. Tsofaffin injuna masu famfon mai na ƙarfe sun fi sauƙi. Misali shi ne injin 1HZ na Toyota Land Cruiser, mai silinda 6 da girman lita 4,2, wanda aka fara ƙerawa a 1990. Makanikai a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai sun san shi, kuma ana samun kayan gyaransa.

Kula da mai

Tun 2011 matatar SORAZ da ke kusa da Damagaram take tace gazuwal a cikin ƙasa. Ku sha mai a gidan mai. Man da ya daɗe a jarka yakan ɗauki ƙura da ruwa. Kada ku zuba esans a tankin gazuwal. Idan kuskure ya faru, kada ku tayar da inji, sai an zubar da man.

Shawara

Idan kuna da zaɓi, motar da aka ƙera da injin gazuwal tun daga masana'anta ta fi wadda aka canza. Canza inji yana da amfani ne idan jikin motar yana da lafiya, injinta ya mutu, kuma akwai makanikin da ya taɓa yin irin wannan aiki. Ku nemi ya nuna muku motar da ya yi, ku yi magana da mai ita, sannan ku rubuta yarjejeniya a gaban shaidu.