Daga Ramin Jirgin Ƙasa a Suwidin zuwa Kaskon Suya a Tozai

A shekarar 1997 wasu manoma a kudancin ƙasar Suwidin suka wayi gari shanunsu na tangaɗi, wasu ƙafafunsu sun shanye, ga matattun kifaye a saman rafi. Kusa da gonakin ana haƙa wa jirgin ƙasa rami ta cikin tudun Hallandsås. Ruwa ya yi ta tsattsafowa cikin ramin, sai kamfanin ya ɗura wani sinadarin liƙe tsaga mai suna Rhoca-Gil. Bai daskare yadda ake so ba, ya bi ruwa ya shiga rafuka. A cikinsa akwai akirilamaid, sinadarin da aka daɗe da sanin yana lahanta jijiyoyi, wanda kuma tun 1994 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a jerin abubuwan da ake da zato mai ƙarfi suna jawo wa ɗan Adam sankara.

Aka kai jinin ma'aikatan ramin Jami'ar Stockholm, wurin masaniya Margareta Törnqvist da abokan aikinta. Abin da ya ɗaure musu kai shi ne jinin mutanen da aka ɗauko don kwatantawa. Ba su taɓa kusantar ramin ba, amma ga alamar sinadarin a jininsu. Daga ina? Zato ya koma kan abinci. Aka ciyar da ɓeraye soyayyen abinci, alamar ta ƙaru. Ranar 24 ga Afrilu, 2002, hukumar abinci ta Suwidin da jami'ar suka shaida wa duniya cewa akirilamaid na samuwa a soyayyen dankalin Turawa, burodi da biskit, ba tare da kowa ya zuba shi ba.

Kafin shekarar ta ƙare aka gano yadda yake ƙulluwa. A hatsi da dankali akwai wani sinadarin gina jiki mai suna asfarajin. Idan ya haɗu da sukarin da ke cikin abincin, zafi kuma ya haura digiri 120 a ma'aunin salshiyas, kamar a tafasasshen mai ko tanda, sai akirilamaid ya fito. Haɗuwar nan ce dai take ba abinci launin ja da ƙamshin da ke tsinka yawu, wadda Bafaranshe Louis-Camille Maillard ya bayyana tun 1912. Ke nan abin yana tare da mu tun da aka fara suya da gashi. Saninsa ne sabo.

To, ina ruwan Tozai da wannan labari? Ƙasar Gobir ƙasar gero ce. Abin da ya raini kakanninmu a Isa da Sabon Birni, fura ce da tuwo da kunu da dambu, duk dafaffu ko turarru, ruwa kuwa ba ya wuce digiri 100 a tukunya, don haka sinadarin ba ya samun sararin fitowa. Suya ba baƙuwa ba ce, akwai ƙosai da waina da ƙuli-ƙuli, amma galibi abin marmari ne na ranar kasuwa. Yau dubi yinin ɗanka mai shekara 15: burodi a teburin mai shayi da safe, biskit ko cincin a makaranta, soyayyen dankali da yaji da yamma. Rashin tsaro ya ƙara tura lamarin gaba. Iyalan da 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu, suka koma gari ko suka tsallaka yankin Maraɗi tun wajen 2019, sun bar rumbu da turmi a baya, cin 'ya'yansu ya koma bakin titi.

A 2015 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta tabbatar cewa idan aka auna da nauyin jiki, yara sun fi manya kwasar sinadarin. Matashi kuwa ga yawan ci, ga son abu mai ƙaras-ƙaras, ga shekaru masu yawa a gabansa da abin zai yi ta shiga jiki. In ya fara zuƙar taba, an ƙara wa Barno dawaki, domin hayaƙinta na ɗauke da akirilamaid, kuma alamarsa a jinin mashaya ta ninka ta waɗanda ba sa sha.

A matsayina na mai harhaɗa magunguna, ba zan tsorata ka fiye da hujja ba. A dabbobin gwaji, da aka ba su da yawa, sinadarin ya jawo sankara. A mutane, binciken da aka yi bai ba da amsa guda ba. Yaron da ke fama da yunwa kuma, kada a raba shi da ƙosansa saboda wannan rubutu; tamowa ta fi kusa da shi. Shi ya sa Turai ma ba ta haramta suya ba. Dokar da ta fara aiki da ita a Afrilun 2018 ta wajabta wa masu sarrafa abinci ne su rage sinadarin, a Ingila kuma tun Janairun 2017 aka shawarci magidanta su tsaya a launin zinariya.

Wannan ma'auni uwargida na iya riƙe shi ba tare da na'ura ba. A tsame dankali ko doya daga mai da zarar sun yi ruwan zinariya, kafin su koma ja mai duhu. A jiƙa yankakken dankali a ruwa na minti 15 zuwa 30, a tsane shi sosai kafin a soya. A kankare gefen burodi ko masarar da ta ƙone. In akwai hali, a mayar da kunu ko ɗumame wurin karin kumallo, ko da kwana uku ne a mako. Idan kuma 'yarki ce ke suyar sayarwa, ki nuna mata ta rage itacen da ke ƙarƙashin kasko, ta riƙa tsame ɓurɓushin da ya yi baƙi kafin ta zuba sabon zubi.