Ƴan lakol na Filinge bayan an tashi daga aji



Duk shekara idan sakamakon birbe da na bak ya fito, waya ba ta hutawa a gidan rediyo. Wannan ya ce a gaida ɗiyarshi da ta samu, wancan ya ce a yi wa ƙanenshi barka. Mu yi ta karanta sunaye har murya ta dushe, kuma da daɗi. To bana cikin masu kira akwai wani dattijo, tsohon mushe da ya daɗe da ajiye alli. Ya ce mini: "Ɗana, kun faɗi waɗanda sunka ci jarrabawa, madalla. Wane aji ya ɗauki kofin balo? Wa ya yi tiyatar bana?" Na yi shiru. Na dubi abokin aikina, shi ma bai sani ba. Tun ranar abin yake cina a rai, shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Bari mu koma baya kaɗan. Lakol tare da Nasara ta shigo ƙasar nan, kuma ba da guɗa aka tarbe ta ba. Tsofaffi har yau suna ba da labarin yadda ake ɓoye yaro cikin rumbu in an ji masu ɗaukar ƴan lakol sun shigo gari. Lokacin da Nijar ta samu mulkin kai a 1960, cikin yara ɗari da suka isa shiga makaranta ko biyar ba sa zuwa. Duk da haka, daga cikin ƴan kaɗan ɗin nan ƙasarmu ta fitar da mutanen da duniya ta sani. Adamu Mayaki, wanda aka haifa a Filinge a 1919, ya riƙe ministan harkokin waje a zamanin Diori Hamani, ya kuma yi jakadanci a Amurka. Ɗansa Ibrahim Assane Mayaki ya zama firaminista daga 1997 zuwa 2000. Seyni Kunce, haifaffen Fandu a 1931, a Filinge ya yi ƙaramar makaranta kafin a kai shi makarantar ƴaƴan soja ta Kati a Mali ta yau, daga can ya wuce Sanluwi ta Senegal.

A wancan zamani duk wanda zai ci gaba da karatu sai ya bar gida. Filinge ta koya maka a, b, c, sauran kuwa sai Yamai mai nisan kusan kilomita 180, ko ma wata ƙasa. Saboda haka rayuwar ɗalibin sakandare, da wasanninta da rigingimunta, ba a garin nan aka fara yin ta ba. Sai bayan mulkin kai, da gwamnati ta shiga buɗa kolej-kolej, wato CEG, a manyan garuruwan gundumomi, sannan Filinge ta zama wurin da ake zuwa karatu.

A nan ne aka samu abin da ni a ganina ya fi komai tasiri, kuma ba a cika maganarsa ba: zaman gidan mai riƙo, wanda muke ce wa titer. Yaro ya ci sartifika a Shikal, ko Luma, ko Tunfalis, ko Bonkuku, ko Damana, ko can Sanam da Abala. Ubansa ya aza masa buhun hatsi a mota ko amalanke ranar Lahadi, ranar kasuwa, ya kawo shi gidan wani aboki ko dangi na nesa, ya ce: "Ga amana." Shi ke nan. Wani ya dace da gidan kirki, a riƙe shi kamar ɗan ciki. Wani kuwa shi ne ɗiban ruwa, shi ne kiwon tumaki, kuma sai kowa ya ci sannan a tuna da shi. Yaron da ke cikin irin wannan hali, filin makaranta da marece shi ne gidansa na gaskiya. A can Bakurfaye da Bazabarme da Buzu da Bafillace suke haɗuwa a kan ƙwallo guda. Cikin aji Faransanci kawai aka yarda da shi, amma a bakin fili ka ji ana zagin alƙalin wasa da harshe huɗu. Ni kaina Zabarmancin da nake ɗan taɓawa a rediyo, a bayan gola na koye shi.

Zamanin da wasannin matasa suka fi samun gata shi ne na Kunce, wanda ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974. Shi ya farfaɗo da samariya, aka shiga shirya bikin matasa na ƙasa inda kowace jaha take kawo mawaƙanta da masu rawa da ƴan wasan kwaikwayo. A 1975 aka yi gasar kokowa ta ƙasa karo na farko a Tawa, Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi. Kafin a je matakin ƙasa sai an yi tankaɗe da rairaya tun daga ƙauye zuwa gunduma, kuma yayyenmu da suka yi kolej a lokacin sun ce ƴan lakol ne ake nema wajen rubuta wasa da riƙe takarda, tunda su suka iya alƙalami. Sai dai kada mu yi wa tarihi kwalliya. Gwamnatin da ke son ganin ɗalibi yana rawa ba ta son jin yana ƙorafi, kuma masu yajin karatu sun ɗanɗana kuɗarsu a hannunta.

Ƙorafin nan yana da ƙungiyarsa, USN, wadda aka kafa tun 1960. Ranar 9 ga Fabrairu 1990, a zamanin Ali Saibu, ɗalibai suka fito zanga-zanga a Yamai, jami'an tsaro suka buɗe wuta a gadar Kennedy, uku suka rasu: Alio Nahantchi, Issaka Kaine da Abdou Mamane Saguirou. Jinin nan yana cikin abin da ya kai ƙasa ga babban taron ƙasa na 1991, inda ɗalibai suka zauna a matsayin wakilai da cikakkiyar murya. Mu da muka shiga kolej shekaru goma sha bayan haka, mun tarar ana tuna ranar duk shekara. A babban taron ɗalibai, ƙarƙashin bishiya, na fara ganin yaro ɗan shekara goma sha shida ya tsaya gaban mutum ɗaruruwa yana magana ba takarda. Wasu shirme suke yi, gaskiya, kuma yajin da ba shi da kan gado ya cinye mana watanni. Amma tsayuwa gaban jama'a a can da yawanmu muka koye ta.

Shekarun 1990 sun zo da talaucin gwamnati, albashi ba ya zuwa kan kari, an yi shekarar da aka soke karatu ɗungurungum. Daga ƙarshensu aka fara ɗaukar malaman kwantaragi. Kuɗin wasanni su suka fara ɓacewa. Abin da ya rage sai ƙoƙarin mushe ɗaya ko biyu da kuɗin koperatif da muke tarawa dala-dala.

Da wannan ɗan abin muka yi namu zamanin. Akwai gasar ƙwallo tsakanin azuzuwa, inda ƴan sizyam ke shan kashi kowace shekara amma ba sa fasa shiga. Akwai langa, akwai kokowa a kan rairayi, akwai tseren da ake yi ba takalmi. Akwai gasar kacici-kacici da muke ce wa jeni, mutum huɗu nan huɗu can, a tambaye ka babban birnin wata ƙasa ko shekarar wani yaƙi, ka buga tebur kafin abokin karawa. Sai kuma makon al'adu dab da bakansi, wanda gari duka ke jira. Uwayenmu mata da ba su taɓa taka ƙofar aji ba, ranar nan suna sahun gaba da tabarmarsu.

Wasan da ya fi tashe shi ne na kumandan da tafinta. A samu yaro a shafa masa toka, a sa masa tsohuwar hular kwano, ya yi ta zuba Faransanci, tafinta kuma yana juya maganar yadda ta yi masa daɗi. Mutane su yi ta dariya har da hawaye. Sai da na girma na gane cewa kwaikwayon kumandan tsohon abu ne a ƙasar nan. A Shikal ne, wajen 1925, wata mata mai suna Shibo da mutanenta suka fara abin da ake kira Hauka ko Babule, iskoki masu ɗabi'ar sojan Nasara, har kumandan Croccichia ya sa aka kama su aka tsare a Yamai. Wancan bori ne, namu wasa ne, ban haɗa su ba. Amma na tabbata tsofaffin da ke kallonmu suna ganin abin da mu ba mu gani.

Ni rabona a jarida ya faɗo. Wani malamin Faransanci ya ce duk Litinin bayan an ɗaga tuta, ɗalibi ɗaya ya karanta labaran mako na minti uku. Ranar da aka ba ni, takarda tana rawa a hannuna, na ce "barkanku da hantsi" da Hausa kafin in shiga Faransanci, fili ya ɗauki sowa. Lissafi ban taɓa wuce takwas bisa ashirin ba, kuma birbe sai a zagaye na biyu na same ta. Da takardar sakamako kaɗai za a duba, ba wanda zai ce yaron nan zai ci abinci da bakinsa.

Akwai wadda ta fi mu duka. Ita ce kyaftin ɗin ajinmu a jeni, ba a taɓa kayar da mu ba in tana zaune. Muna katiryam aka zo daga ƙauyensu aka tafi da ita, bayan sallah muka ji an ɗaura aure. Sunanta ba ya cikin jerin waɗanda suka ci birbe, kuma ba a rubuta ko'ina cewa ta taɓa cin wani abu ba. Mu da muka gani ne kawai shaida.

Yau ga inda muke. Rashin tsaro ya rufe ɗaruruwan makarantu a jahar Tilaberi. Yaran da suka gudo daga ƙauyukan arewa sun cika azuzuwa, gidajen masu riƙo sun yi nauyi, taron dare kuwa kowa na ɗari-ɗari da shi. In ka ce a yi makon al'adu, sai a ce maka ana ta kai wa yake ta kaya. Na fahimci masu faɗin haka, amma ban yarda da su ba. Yaron da ya baro garinsu da dare, ya bar gonar ubansa da abokansa, ya fi mu buƙatar filin nan na marece. Ƙwallo guda da alƙalin wasa ba su kai kuɗin buhun siminti ba. Kuma tunda dokar ƙasa ta 2025 ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ban ga abin da zai hana a yi jeni da jaridar Litinin da Hausa da Zabarmanci da Tamajak ba, ko uwaye ma su ji abin da ƴaƴansu suka sani.

Da na tashi wannan rubutu na nemi hoto ko guda na ƙungiyar ajinmu. Na tambayi abokai shida, ɗaya ne ya ce yana da shi, da ya duba akwati ya tarar gara ta cinye rabi. Don haka ga roƙona. Duk wanda ya yi kolej ko lise a Filinge, ko wace shekara ce, in kana da tsohon hoto, ko kofi, ko littafin da kuka rubuta tiyatar a ciki, ka ɗauka da waya ka aiko, ka faɗi shekara da aji. Wanda ba shi da komai sai abin da ya riƙe a ka, ya kira mu a shirin, za mu naɗi muryarsa. Shi ma mushen da ya yi mini tambayar na koma wurinsa, ya ce in zo ranar Lahadi bayan an watse kasuwa, in taho da babban kaye don labarin da yawa.