Wasannin wayar salula da barin taba sigari: abin da bincike ya nuna

Wasannin barin taba ƙananan manhajoji ne da ake sawa cikin wayar salula domin su taimaki mai shan sigari ya tsallake lokacin da ƙwawar taba ta taso masa. Iri biyu ne. Akwai waɗanda aka ƙera musamman domin wannan aiki, akwai kuma wasanni na yau da kullum da likitoci suka lura suna ɗauke hankali. A Kance da Matamai, inda ake sayen sigari kara-kara wajen mai tebur, kuma da wuya a samu fadar samari da babu waya mai taɓawa a cikinta, tambayar ita ce ko abin yana aiki, kuma har ina.

Yadda ƙwawar taba take

Sinadarin nikotin da ke cikin hayaƙi yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 bayan zuƙa. Wannan sauri shi ne ke sa jiki ya saba. In mutum ya daina, kwana biyu zuwa uku na farko su ne mafi tsanani: saurin fushi, rashin barci, ciwon kai, kasa tsayar da hankali. Galibi abin yana lafawa cikin mako biyu zuwa huɗu.

Sai dai ƙwawar ba ta zama wuri guda daga safe har dare. Tana tasowa ne, ta yi ƙarfi, ta sauka, sau da yawa cikin ƴan mintoci. Kuma tana da abokan tafiya: kofin shayi na farko, bayan cin tuwo, zaman jiran fasinja a tasha, ko ganin wani ya ƙyasta ashana. Duk dabarar wasan waya a kan waɗannan ƴan mintoci ta tsaya.

Gwajin Tetris

Masana halayyar ɗan Adam na jami'ar Plymouth a Ingila sun daɗe suna cewa ƙwawa hoto ce. Mai jin ta yana ganin karan sigari a zuci, yana jin warinsa tun bai kunna ba. Wurin da ƙwaƙwalwa ke riƙe irin wannan hoto kuwa ƙarami ne. In aka cika shi da wani aikin ido, hoton tabar sai ya dusashe.

Sun gwada haka da Tetris, tsohon wasan jera tubala masu faɗowa daga sama, wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko cikin shekarun 1980. A binciken da aka wallafa a 2015, tare da wata jami'a ta Queensland a Ostareliya, an bi ɗalibai 31 tsawon mako guda, ana tambayarsu sau bakwai a rana ko suna jin ƙwawar wani abu. Wasu daga cikinsu suna buga Tetris na minti uku. Ƙarfin ƙwawar, ta taba ce ko ta kofi ko ta abinci, ya sauka daga kashi 70 zuwa 56 cikin ɗari.

Sakamakon yana da daɗin ji, amma a lura da iyakarsa. Mutum 31 ba su da yawa, ɗalibai ne, kuma abin da aka auna shi ne raguwar ƙwawa a take, ba yawan waɗanda suka bar taba bayan wata shida ba. Jaridu da dama sun tsallake wannan bambanci lokacin da suka ba da labarin.

Manhajojin da aka ƙera domin haka

A Landan, masu bincike na jami'o'in Queen Mary da Kingston sun fito da Cigbreak, inda mai wasa ke kakkarya karan sigari da yatsa a kan gilashin waya, ana cusa masa shawarwari tsakanin zagaye da zagaye. A Faransa akwai Kwit, daga birnin Strasbourg, mai ba mutum matsayi yana hawa kamar tsani, tana ƙidaya masa kwanakin da ya yi ba taba da kuɗin da ya tsira da su.

Wannan lissafin kuɗi ba ya bukatar manhaja. A ce kara guda dala biyar ne, wato sefa 25, mutum yana shan goma a rana: sefa 7,500 ke nan a wata, fiye da sefa 91,000 a shekara. Mai lambun rake a Matamai ya san abin da wannan kuɗi ke saye na taki.

Saƙon rubutu ya fi hujja

Abin mamaki, hujja mafi ƙarfi tana wajen saƙon SMS, wanda ko ƙaramar waya mai maɓalli tana karɓa. A gwajin txt2stop na Birtaniya, da mujallar The Lancet ta wallafa a 2011, an raba mutum 5,800 gida biyu. Cikin waɗanda ake aika wa saƙonnin ƙarfafa zuciya, kashi 10.7 sun kai wata shida ba su sha ba. A ɗaya rukunin kashi 4.9 ne. A 2019 ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken likitanci, ta tabbatar da amfanin saƙonni, amma ta ce hujjar manhajoji ba ta isa a yanke hukunci ba tukuna.

A watan Yulin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fitar da jagorarta ta farko kan yadda za a taimaki manya su bar taba. Ta sa shawarar ma'aikacin lafiya a gaba, ko da ta daƙiƙa 30 ce zuwa minti uku, sannan magunguna irin su manna da cingam na nikotin, varenicline, bupropion da cytisine. Ta amince da saƙonni da manhajoji a matsayin ƙari. Hukumar ta ƙiyasta cewa taba na kashe fiye da mutum miliyan 7 a shekara.

A Kance fa?

Nijar ta amince da yarjejeniyar OMS ta yaƙi da taba a 2005, ta kuma kafa doka mai lamba 2006-12 ta 15 ga Mayun 2006, wadda ta hana tallar taba, sayar wa yara, da sha a wuraren taruwar jama'a. Kungiyar SOS Tabagisme-Niger na cikin waɗanda suka yi fafutukar samun ta. Dokar tana kare wanda ba ya sha. Shi kuwa mai son dainawa, abin da ya fi kusa da hannunsa shi ne wayarsa da kuma manjo na CSI.

Manhajojin da aka ambata da harsunan Turai aka yi su, wasu na cin kiredi, wasu ana biyan kuɗin shiga. Kuma da mai sigari aka ƙera su, ba da dattijon da ke cin garin taba da kanwa ba, alhali shi ma nikotin ɗin ne ya kama shi. Amma darasin Tetris bai dogara da harshe ko rezo ba: duk wasan da ke cika ido da siffofi da launi na minti uku zai iya, kuma irinsu da yawa suna tafiya ba intanet. Ana iya tsammanin dara, da ake bugawa a ƙasa da tsinke da duwatsu, ta yi makamancin haka, in dai ba abokin karawar ne ke busa hayaƙi ba.

Nan ne matsalar fada take. Wurin da ake buga lido da karta shi ne wurin da ake miƙa kara daga hannu zuwa hannu, don haka wasan da aka saba yi da sigari a baki tayar da ƙwawa yake yi. Mai son dainawa gara ya zaɓi sabon wasa da bai taɓa haɗawa da taba ba, ya buga shi kaɗai a take da abin ya taso. Wasannin caca na ƙwallo ba sa cikin lissafi. Musanyar wata jaraba ce da wata.

Lokacin da ya fi dacewa a nan shi ne azumi. Mai shan taba yana yin sa'o'i 13 ko fiye bai kunna ba, har wata guda. Wurin faɗuwar sananne ne: mintocin da ke bin shan ruwa, da zaman shayi bayan asham.