Amsoshin Takardunku: Jari-hujja da Cinikin Bayi

Tambaya: Wani mai sauraronmu daga Bagudo ta Jihar Kebbi ya rubuto yana cewa, wai shin gaskiya ne da gumin bayi Turawa suka tara dukiyarsu? Kuma tausayi ne ya sa suka hana bauta?

Amsa: To Malam, wannan tambaya taka ta daɗe tana raba kan masana. A 1944 Eric Williams, wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Tirinidad, ya fitar da littafi inda ya ce ribar safarar bayi da gonakin rake ta taimaka wajen kafa masana'antun Ingila. A ganinsa, sai da ribar ta ja baya sannan Ingila ta haramta safarar a 1807. Amma a 1977 Seymour Drescher ya ce a'a, ana tsakiyar cin riba aka hana, matsin lambar jama'a ne ya yi aiki.

Ba sai ka je nesa ba, Malam, dubi Illo da ke nan kusa da kai. Ta wannan yanki ayarin fatake ke ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, wadda yau wani sashenta ke Jamhuriyar Benin, har su kai Salaga sayen goro. Bayi na cikin masu dakon kayan, wani lokaci ma su ne hajar. A gida kuwa, su ke noma rinjin sarakuna da attajirai.

Da Turawa suka zo, ba su 'yanta kowa da kowa nan take ba. Dokar Lugga ta 1901 ta hana saye da sayarwa, ta ce duk ɗan da aka haifa daga Afrilun wannan shekara ɗa ne. Manya kuwa aka bar su su fanshi kansu ta hanyar murgu, wato bawa ya yi sana'arsa yana biyan ubangijinsa. Tsoron Turawa shi ne kada gonaki su mutu, sarakuna su juya musu baya, haraji ya tsaya. Sai a 1936 aka soke bauta kwata-kwata a Arewa.

Saboda haka ko da akwai tausayi, a ƙasarmu dai sai da ya jira lissafin riba shekara 35. Da fatan mai tambaya ya gamsu.