Wa ke Magana da Yawun Falasɗinawa?

Manomin da ke kama labarai a rediyo ya saba jin ana cewa "shugaban Falasɗinawa Mahmud Abbas". Ba kasafai ake ƙara masa da cewa a Janairun 2005 aka zaɓi Abbas, kan wa'adin shekara huɗu, kuma daga nan ba a sake zaɓen shugaba ba.

Tun asali ma ƙungiyar 'yantar da Falasɗinu, wato PLO, ba daga akwatin zaɓe ta fito ba. Shugabannin Larabawa ne suka share mata hanya a taron Alƙahira na Janairun 1964, aka kafa ta a birnin Ƙudus a watan Mayu, Ahmad Shuƙairi na jagoranta. Kayen da Larabawa suka sha a yaƙin 1967 ya zubar da ƙimar wannan shugabanci. Mayaƙan Fatah, waɗanda sunansu ya cika sansanonin gudun hijira bayan gumurzun Karama na 1968, suka karɓi ragama, Yasir Arafat ya hau kujera a Fabrairun 1969. Kujerun majalisar ƙungiyar kuwa rabawa ake yi tsakanin ɓangarorin mayaƙa da ƙungiyoyin ɗalibai da na ma'aikata da na mata. Al'ummar da aka warwatsa a ƙasashe daban-daban ba ta da inda za ta kafa rumfar zaɓe, don haka sadaukarwa ce ta tsaya a madadin ƙuri'a, kuma jama'a sun yarda.

A Oktoban 1974, a Rabat, ƙasashen Larabawa suka amince PLO kaɗai ce halastacciyar wakiliyar Falasɗinawa, Sarki Husaini na Jodan ya haƙura da nasa iƙirarin. Najeriya ma ta amince da ƙasar Falasɗinu da aka shelanta a Aljiyas a 1988.

A ganina, yarjejeniyar Oslo ta 1993 tsakanin PLO da Isra'ila ce ta yi ɓarakar da ba a ɗinke ba. Ta kawo zaɓe a 1996, amma mazauna Yammacin Kogin Jodan da Gaza da gabashin Ƙudus kaɗai ke jefa ƙuri'a. 'Yan sansanin Ainul Hilwa a Labanon, da Yarmuk a Siriya, da Baƙa'a a Jodan, waɗanda 'ya'yansu suka gina PLO da jininsu, aka bar su a waje. Wannan rashin adalci ne babba, kuma ba a cika ambatonsa ba.

Hamas, wadda aka kafa a 1987 a wajen inuwar PLO, ta ci kujeru 74 cikin 132 a zaɓen Janairun 2006, Fatah ta samu 45. Amurka da Tarayyar Turai suka dakatar da tallafi, Isra'ila ta riƙe kuɗin haraji ta kuma tsare 'yan majalisa da dama. A Yunin 2007 Hamas ta ƙwace Gaza, Yammacin Kogin Jodan ya zauna a hannun Fatah.

An sa ranar sabon zaɓe a 2021. Abbas ya ɗage shi, yana cewa Isra'ila ba ta ba da tabbacin barin mutanen Ƙudus su kaɗa ƙuri'a ba, a daidai lokacin da Fatah kanta ta dare gida uku wajen tsayar da 'yan takara.