Riƙon yaron da ya riga ya san uwarsa

A ƙasar Gwandu, daga Jega zuwa Aliero, Maiyama da ƙauyuka irin su Sarandosa, da wuya ka shiga babban gida ba ka tarar da ɗan riƙo ba. Al'adar tsohuwa ce. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta wallafa tarihin rayuwarta a 1954, ba ta haihu ba, da 'ya'yan dangi ta cika ɗakinta. Sai dai riƙo iri biyu ne. Akwai yaron da aka miƙa wa kaka ko goggo daga yaye, ya tashi bai san wata uwa ba sai ita. Akwai kuma wanda aka ɗauko yana da shekara bakwai ko goma, bayan rasuwar uba ko mutuwar aure, wani lokaci daga Gaya ko Doso a Nijar, ko a tura shi wurin kawu a Kumasi, Makka ko Landan. Wannan na biyun ya zo da wayonsa, ya san muryar uwarsa da hannun miyarta, kuma shi ne aka fi cewa "ba ya jin magana".

Turawa sun fi mu rubuta abin da ke faruwa da irin wannan yaro, domin sun daɗe suna ɗauko 'ya'ya daga wasu ƙasashe su mai da su nasu a doka. A 2004 Amurkawa kaɗai sun ɗauki yara kusan 23,000 ta wannan hanya. Adadin ya faɗi ƙwarai bayan badaƙaloli irin na Chadi a 2007, inda aka kama 'yan wata ƙungiyar Faransa a Abeche za su fita da yara 103 da sunan marayun Darfur, alhali yawancinsu iyayensu na raye. Habasha ta rufe ƙofar gaba ɗaya a 2018. Waɗanda ake ɗauka yanzu galibi manyan yara ne ko masu lalurar lafiya.

Binciken da Michael Rutter ya jagoranta a kan yaran gidajen marayun Romaniya da aka kai Ingila ya nuna cewa waɗanda suka wuce wata shida a gidajen nan sun fi fama da matsalar shaƙuwa da natsuwa, wasu har bayan sun girma. A 2003 kuma Christophe Pallier da abokan aikinsa sun gwada 'yan Koriya da aka kai Faransa suna tsakanin shekara uku da takwas, suka tarar harshen uwa ya ɓace musu, ba sa bambanta shi da wani baƙon harshe. Mu ma mun ga haka da idonmu, ta hanya mafi muni. Yaran Kano tara da 'yan sanda suka gano a Anaca a 2019, bayan an sace su an sayar, an canza musu suna, wasunsu sun dawo ba sa jin Hausa. Kotu a Kano ta yanke wa Paul Owne, ɗaya daga cikin waɗanda suka sace su, ɗaurin shekara 104 a 2021, amma iyayen su aka bari da aikin sake sabawa da 'ya'yan cikinsu.

A nan tsarinmu yana da abin da na Turai ya daɗe bai gane ba. Suratul Ahzab ta hana a jingina yaro ga wanda ba ubansa ba, shi ya sa Zaidu ya koma ɗan Harisa bayan an daɗe ana kiransa ɗan Muhammadu. Ɗan riƙo yana riƙe da sunan ubansa, ana kai shi ganin gida da Salla, ba a ɓoye masa asalinsa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ma ta ambaci kafala, wato riƙo irin na Musulunci, cikin hanyoyin da ta amince da su. Ga yaro mai wayo wannan rahama ce babba, domin ba a ce ya binne rabin rayuwarsa kafin a so shi ba.

Inda ƙafarmu ke zamewa shi ne lokacin balaga. Shayarwa tana mai da yaro muharrami ne idan an yi ta cikin shekarun shan nono, to wanda aka ɗauko yana ɗan shekara takwas wannan ƙofa ta rufe masa. Idan ba ɗan 'yar'uwa ko ɗan ɗan'uwan matar gida ba ne, rana ɗaya za a wayi gari wadda yake kira Inna tana yafa mayafi idan ya shigo, a ce ya koma zaure ko shago da kwana. Hukuncin daidai ne, amma a gidaje da yawa ba mai zaunar da shi ya yi masa bayani, sai ya fassara abin da cewa an gaji da shi. Yarinya kuwa tata ta fi nauyi. Ita ce mai talla, ita ce mai wanke-wanke, 'ya'yan gida suna makaranta, in ta yi kuka a ce "ba ta da godiya". Wannan kalmar godiya tana yi wa yara illa a Jega kamar yadda take yi a Paris. Ɗan cikinka ba ka neman ya gode maka don ka ba shi tuwo, ɗan riƙo kuwa kullum ana tuna masa bashin da ke kansa, har ya koyi yin shiru, ko ɓoye abinci, ko gudu. Abin da mariƙa ke kira taurin kai sau da yawa makoki ne da ba a bar shi ya yi ba.

Sai aure da gado. Fiƙihun Malikiyya ya ba wanda ya raini yarinya gurbi cikin waliyyai, amma bayan dangin uba. Don haka baffan da bai taɓa saya mata ko takalmi ba yana iya bayyana ranar da manemi ya fito, ya ce shi zai bayar, a yi ta jayayya a kan yarinyar da ba wanda ya tambayi ra'ayinta. Idan an ƙetare iyaka da ita abin ya ƙara cakuɗewa, domin riƙon dangi ba shi da takarda, kuma ofisoshin jakadancin Turai takardar kotu suke nema.

Ɗan riƙo ba ya gadon mariƙinsa. Shari'a ta buɗe hanya biyu: kyauta tun mutum yana raye, a damƙa ta a hannu, ko wasiyya da ba ta wuce sulusin dukiya ba. Kaɗan ne ke yin ko ɗaya, saboda ana ganin rubuta wasiyya kamar kiran mutuwa ne. Saurayin da ya shekara goma sha biyar yana ban ruwan albasa a fadamar Aliero tare da 'ya'yan mai gida, ranar rabon gado alƙali ba shi da abin da zai ba shi, sai abin da magada suka ga dama. Gonar ubansa na jini kuma, can garin da aka ɗauko shi, sau da yawa baffanni sun riga sun noma ta shekara da shekaru, kuma dattawan da suka san iyakarta sun fara ƙarewa.